Ina ramin yake?

Tun da mutuminmu mai gilashi ya riga ya kai wa kowa labarin har da ƙarin gishiri, gara ku ji daga bakin mai shi. Ban cusa igiyar rediyon mota a ramin sifikar sabuwar wayata har ta karye ba. Na dai gwada, kuma igiyar tana nan lafiya lau, ku tambayi mai motar.

Kun san tsakanina da ƙanin matata a kan maganar waya. Shi ɗan iPhone ne na gani-kashe-ni, ni kuma ina ɗaya ɓangaren. Sunan kamfanin wayata ba zai fito daga bakina ba, don tallar da na yi musu kyauta shekara da shekaru ta isa haka. Tun 2016 da Apple suka fito da iPhone 7 babu ramin iyafis na samu sana'a. Wani babbansu, Phil Schiller, ya hau dandamali ya ce wai jarumta ce ta sa suka cire shi. Jarumta! Daga ranar yaron nan bai sake sakewa a gabana ba. Ɗan farin mahaɗin da yake maƙalawa a gindin wayarsa kafin iyafis ya shiga, ni na raɗa masa suna wutsiya. Da ya yi sallama, kafin in amsa sai in ce, "Yau ina ka baro wutsiyar?"

Kuma ba ni kaɗai ba ne, manya ne a bayana. A 2016 ɗin Google suka yi tallar Pixel ta farko suna taƙama da cewa tasu na da rami. A 2017 Samsung suka saki tallar nan ta saurayin da ya girma da iPhone yana shan wahala, a ƙarshe ya sauya sheƙa, ya zo wucewa ta gaban masu layin sayen sabuwa, ya haɗa ido da wani da aka yi wa aski daidai da baƙin giɓin da ke saman fuskar iPhone X. A 2018 suka ƙaro wasu, mai saye na tambayar ma'aikacin shago yadda zai yi caji ya kuma saurari abu a lokaci guda, ana ce masa sai ya ƙara wani mahaɗin. Duk na sauke su na ajiye. Da aka zo 2020 iPhone 12 ta fito babu kan caja a kwali, ranar har dare ina aika masa saƙo.

To, tsohuwar wayata ta yi min hidima har batirinta ya kumbura ya ɗaga murfin baya. Na sayi sabuwa daga kamfanin dai, ban karanta komai a kanta ba, don wa zai tsaya binciken gidansu? Na ga kwalin siriri na ce ci gaba ne. A gida na sa mata riga, washegari muka shiga mota mu huɗu: mai motar, ni a gaba, mai gilashi da ƙanin matata a baya.

Kun san motar. Rediyonta bai san wani abu bulutut ba, igiya ce kawai mai kan ƙarfe take lilo a gaban giya. Mai motar ya ce wa zai sa mana wani abu mu saurara. Ƙanin matata ya fara laluben aljihu. Na ɗaga masa hannu ba tare da na waiwaya ba.

"Bar wahalar da kanka, ƙanena. Masu cikakkiyar waya suna kusa."

Cikakkiyar waya. Haka na ce, kuma da ƙarfi na faɗa, har da ɗan jan muryar nan tawa da kuka sani.

Na kama igiya na kai ta gindin waya ina kallon titi, yadda hannu ya saba. Ƙarfe ya daki ƙarfe. Na matsa hagu kaɗan. Ƙarfe. Na koma dama, nan na ji wasu ƙananan ramuka, na ɗan danna, ashe na sifika ne. Na ce a raina to sun mai da shi sama, ai sabon tsari ne. Na juya ta. Akwai rami a saman kam, amma ko allura sai ta yi haƙuri kafin ta shiga. Har lokacin babu wanda ya ce uffan. Mai motar ya rage gudu, ni dai ban ga dalili ba, titin fayau yake.

Na ce, "Rigar ce ta rufe shi. Masu yin rigunan nan ba sa aunawa."

Sabuwar riga kuwa kun san taurinta. Na sa farce a kusurwa, ta ƙi. Na sa babban yatsa biyu na tura, ta ƙi. Na matse igiyar a tsakanin gwiwoyina, na ɗora wayar a cinya, na danna da iya ƙarfina, rigar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin ƙafar mai motar. Ya tsaya a gefen titi, ya kashe mota, ya ɗauko min, ya kuma juyo gaba ɗaya ya jingina da ƙofa. Wato ya zauna kallo ke nan.

Na ɗaga wayar tsirara na bi ta gefe-gefe. Ƙasa: ramin caji da na sifika. Dama: maɓallai. Sama: ɗan mitsitsin nan. Hagu: sumul. Na sake zagayowa, ko na tsallake wani wuri. Sai na ce duhu ne ya yi yawa a motar, alhali rana tsaka ce, na kunna fitilar wayar don in haska. Sai da ta kama na tuna fitilar a jikin abin da nake son haskawa take. Na haske fuskar mai motar, ya kare idonsa da hannu, kafaɗunsa na rawa.

A nan ne hannu ya ratso ta tsakanin kujeru riƙe da 'yar rakani-kashi, fitilarta a kunne.

"Ga haske, Malam," in ji mai gilashi. "In kuma ba a dace ba, tawa tana da ramin."

Bai yi dariya ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Da dariya ya yi da na san abin da zan ce masa. Gyara gilashi ya yi, ya fara karanto min tarihi da muryar mai labaran rediyo. Wai Google da suka yi taƙama a 2016, shekara ɗaya tak suka yi, Pixel 2 ta fito a 2017 babu rami. Wai Samsung sun cire nasu a Galaxy Note 10 a 2019, kuma a lokacin aka nemi tallace-tallacen nan na tsokana a shafinsu na YouTube aka rasa. Wai hoton cajar da suka sa a Facebook a 2020 suna cewa tasu tana zuwa da ita, shi ma ya ɓace kafin Galaxy S21 ta fito a farkon 2021 ba caja. Wai Xiaomi ma sun yi tasu tsokanar a kan caja, wata biyu bayan nan shugabansu ya sanar da cewa Mi 11 ba za ta zo da ita a kwali ba. Sai ya ɗan tsaya, ya ce, "Af, Malam, naka kwalin fa? Na ga kamar bai da kauri."

Na ce masa ba maganar kwali ake ba yanzu.

Ƙanin matata, wanda duk wannan lokacin yana kallon waje yana cije leɓe, ya miƙo abu da hannu biyu, cikin ladabin da bai taɓa yi min irinsa ba.

"Yaya, ga wutsiya."

Nan na ga 'yar ƙofar tsira. Na ce ai ba za ta shiga ba, bakin cajinku daban ne da na sauran duniya, kullum ku ke nan a ware. Ya ce, "A'a Yaya, wancan da ne. Tun iPhone 15 a 2023 bakinmu ɗaya da ku." Na karɓa don in nuna masa ƙarya yake. Ta shiga, har da ɗan ƙaran nan, ƙyas. Rediyo ya kama. Na ce to ai shi ke nan, kun kwaikwaye mu, magana ta ƙare. Mai gilashi ya ce ba ni suka kwaikwaya ba, Tarayyar Turai ce ta kafa dokar caja iri ɗaya ga wayoyin da za a sayar a ƙasashenta. Wa ya tambaye shi? Ku faɗa min, wa ya tambaye shi?

Bari in faɗa muku ko wane ne mai gilashi, tun da shi ya ga dama ya faɗa muku ko ni wane ne. Duk tallace-tallacen da na lissafa muku, shi ya fara turo min su. Shi ne mai cewa, "Malam, ka ga wannan? Tura wa surukinka." Ni kuma in tura. Sai a motar nan na gano ashe ta can ma yana kai kaya. Shi ya koya wa yaron labarin ƙarar da Apple suka kai Samsung a 2011 kan kwaikwayon siffar waya, da yadda a 2012 masu taya alƙali yanke hukunci a Kalifoniya suka ce a biya Apple sama da dala biliyan 1. Abin da bai gaya wa kowannenmu ba sai ranar, shi ne an yi ta jan shari'ar ana rage kuɗin ana ƙarawa har suka sasanta a 2018, kuma a tsakiyar rigimar, fuskar iPhone X ɗin nan da aka yi wa tallar aski, Samsung ne suka ƙera ta suka sayar wa Apple. Su suna cinikinsu, mu muna ɓata zumunci. Da ya faɗi haka sai na ga ai shi ma sana'arsa ke nan, yana sayar wa kowane ɓangare, ribarsa kallo.

Kuma kada rakani-kashin nan ta ruɗe ku ku ɗauka mutum ne da ya fi ƙarfin duniya. Waɗanda suka daɗe da mu sun san shi ne babban mai wa'azin wayar Windows. Shi ne ya ishe mu da labarin yadda ma'aikatan Microsoft suka yi wa iPhone da BlackBerry jana'izar wasa a 2010, har da motar ɗaukar gawa, don murnar kammala manhajar wayarsu. Ya ce mana nan da ɗan lokaci duk za mu dawo layinsa. Zuwa 2017 su da kansu suka ce sun daina ƙoƙarin fito da sababbin abubuwa a kanta. Tun daga nan ya koma 'yar mai maɓallai yana cewa wai ya gane gaskiyar rayuwa. Ba gaskiyar rayuwa ya gane ba, tsoron sake zaɓe yake. Na tuna masa da wannan a motar, na ce wanda aka binne nasa kafin na kowa bai kamata ya buɗe baki ba. Ya ce haka ne, amma shi bai taɓa haska waya da fitilar kanta ba. Mai motar ya kifa kai a sitiyari har hon ya yi ƙara.

Abin da ya fi min ciwo ban gano shi ba sai da daddare. Kamfani in ya tashi lashe amansa, ma'aikaci ɗaya ne zai danna maɓalli talla ta ɓace, gobe su fito da sabuwa suna murmushi. Har ɗan wasan nan Justin Long, da ya yi shekaru daga 2006 yana fitowa a matsayin kwamfutar Mac yana tsokanar sauran kwamfutoci, a 2021 ya koma yi wa Intel talla yana tsokanar Mac, aka biya shi a can aka biya shi a nan. Ni da ba a ba ni ko sisi ba, nawa ba ya gogewa. Yaron nan ashe duk saƙon da na taɓa tura masa yana nan. Bai yi gaggawa ba. Ɗaya-ɗaya yake dawo min da su, kowace safiya guda, ba ya ƙara ko kalma. Na jiya shi ne wanda na rubuta cewa ranar da na riƙe waya marar rami a sauya min suna. Matata ta gani, ta tambaye ni wane suna nake so, don ita za ta riƙa kira.

Na ce zan mayar masa da wutsiyarsa, ya ce haba Yaya, ai kyauta ya ba ni, shi yanzu na bulutut yake sawa. Tana cikin aljihun motar, in mun fita da ita ake amfani, kuma kowane lokaci sai mai motar ya tambaya da ƙarfi wa ya ga wutsiyar Malam.

Shi kuwa mai gilashi har yanzu kan tsohuwar cajata yana wurinsa. Tun kafin wannan abin ya ara, wai nasa ya ƙone, kwana biyu zai yi ya dawo da shi. Da cajar matata nake lallaɓawa, sai ta gama nata tukuna. Na kira shi shekaranjiya a kan maganar, ya ce in duba cikin kwalin sabuwar da kyau, wataƙila yana ƙasa. In kun haɗu da shi ku ce ina nema, kuma fari ne, kada ya kawo min wani baƙi ya ce shi ne.