Nawa ke shiga hannun mai saƙar?

Malam, labarinku kan matan Nepal da ake kai kayan sana'arsu Turai ya yi armashi, sai dai kun tsallake wani abu. Maza da yawa daga ƙauyukan can suna ci-rani a Qatar da Malesiya, matan ne ke riƙe da gida. Shi ya sa ƙungiya irin Association for Craft Producers, wadda Meera Bhattarai ta kafa a Kathmandu a 1984, take da amfani: tana ba su zare, tana koya musu zane, ta nemo masu saye a waje. Amma mayafin da aka sayar a Landan da tsada, nawa ne rabon wadda ta saƙa shi? Ko a kasuwar Kurmi dillali ke kwashe romon. Ku binciko mana wannan, don Allah.