Ƙasar da ake buga kurket a kanta, da iyakar haƙƙin mai gida

A wasan kurket akwai mutumin da ba ya jifa, ba ya duka, amma sau da yawa shi ke tsara yadda wasa zai kaya: mai gyaran fili. Aikinsa duka a kan wani ɗan tsirin ƙasa ne mai tsawon yadi 22 a tsakiyar fili, inda ƙwallo ke dira kafin ya isa ga mai duka. In ya bar ciyawa da danshi, ƙwallo ya riƙa zabura yana kaucewa, ranar masu jifa da ƙarfi ke nan. In ya bar ƙasar ta bushe ta tsattsage, masu murɗa ƙwallo da yatsu su ci kasuwarsu. In kuwa ya daddaɓe ta ta yi sumul, masu duka sai su wuni suna tara maki.

Ni ban ga laifin ƙasar da ta gyara filinta don ya dace da 'yan wasanta ba. Daɗin wasan Test na kwana biyar shi ne baƙo ya je ya gwada kansa a yanayin da bai saba ba. A watan Oktoban 2024 Ingila ta tara maki 823 a Multan ta lallasa Pakistan. Sai masu gida, wato Pakistan, suka sake amfani da wannan tsohuwar ƙasar a wasa na biyu, suka girke mata manyan fankoki don ta ƙara bushewa. Masu murɗa ƙwallo biyu, Noman Ali da Sajid Khan, su kaɗai suka fitar da 'yan Ingila sau ashirin ɗin da ake buƙata don cin wasa. Wasu sun kira abin wayo, amma an yi wasa mai rai, kuma gwaninta ce ta raba gardama. Dabarar ma ba kullum take ci ba. A ƙarshen wannan shekarar New Zealand ta je har Indiya ta cinye wasanni uku a jere, biyu daga ciki a Pune da Mumbai, a kan irin ƙasar da ake ganin Indiya ta fi kowa iyawa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Inda haƙƙin mai gida ya ƙare shi ne inda sa'a ta maye gurbin iyawa. A Janairun 2024, a filin Newlands na Cape Town, ƙwallo kan dira a wuri ɗaya sau biyu, na farko ya taso wa mutum ƙirji, na biyu ya sulale ƙasa. Afirka ta Kudu ta ƙare zagayenta na farko da maki 55. Indiya ta kai 153, sannan 'yan wasanta shida suka fita a jere ba tare da an ƙara maki ko ɗaya ba. Jifa 642 kacal aka yi wasa ya ƙare, mafi gajarta a tarihin wasannin Test da aka samu mai nasara. Wanda ya sayi tikitin rana ta uku bai ga komai ba. Mai duka kuma, komai ƙwarewarsa, yatsunsa da haƙarƙarinsa yake karewa. Aiden Markram na Afirka ta Kudu ya ci maki 106 a wannan fili, abin a yaba masa matuƙa, sai dai bajintar mutum ɗaya ba ta wanke filin.

Duk da haka, ba irin wannan fili ne ya fi damuna ba. Mataccen fili ya fi cutar da wasan. A Maris ɗin 2022 Ostareliya ta koma Pakistan bayan shekara 24 ba ta je ba, jama'a suna ɗoki. Abin da aka ba su a Rawalpindi shi ne kwana biyar na maki 1,187, inda sau 14 kawai aka fitar da mai duka, aka tashi canjaras. Masu jifa sun yi ta gudu a banza. Yaron da ya fara kallon kurket a wannan mako, me zai dawo da shi?

Sai kuma batun ma'aunin Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, wadda ke auna kowane fili bayan wasa, tana rubuta wa wanda ya gaza makin laifi. A Disamban 2022 wasan Ostareliya da Afirka ta Kudu a Brisbane ta Ostareliya ya ƙare cikin kwana biyu a kan koriyar ciyawa, aka rubuta wa filin maki ɗaya. Wata uku bayan haka wasan Indiya da Ostareliya a Indore ta Indiya ya kai safiyar rana ta uku, baƙi ne ma suka ci, amma saboda ƙwallo ya fara juyawa tun ranar farko sai aka rubuta maki uku. Sai da Indiya ta ɗaukaka ƙara aka mayar da shi ɗaya. Shi ya sa na fahimci Rohit Sharma, kyaftin ɗin Indiya na lokacin, da ya koka bayan wasan Cape Town kan yadda ake yawan surutu a kan filayen Indiya. Ƙwallon da ya juya a kan ƙura ba ya karya yatsa kamar wanda ya zabura daga ciyawa, don haka babu hujjar a fi tsananta masa.

Abin da nake so ICC ta duba shi ne ko ƙwallo na tashi iri ɗaya har mai duka ya iya karanta shi, da kuma ko mai jifa na da abin yi. Fili irin na Rawalpindi na 2022, wanda shi ma maki ɗaya aka rubuta masa, ya cancanci hukunci mafi tsanani, ko da zai kai ga hana shi karɓar wasa na wani lokaci.