Ranar da Na Zama Abin Kallo a Kogon Harkulis

Ƙanina da ke karatu a Maroko ne ya matsa sai ya kai ni kogon Harkulis, a bakin tekun Atlantika, kimanin kilomita 14 yamma da birnin Tanja. Ya ce, "Yaya, sa kaya marasa nauyi." Ni kuwa tunda na ji batun hoto, sai na zumbula babbar riga ta farar shadda da ta sha bugu, na kafa zanna bukar, na zura takalmi sau-ciki. Mutum ya taso tun daga Kano, a ce ya tsaya gaban kyamara da 'yar shara?

Taksi ta bi da mu ta Kaf Isfartal, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tsaye tun 1864. Muna sauka wani ya tare ni, wai in biya in hau raƙumi. Na ce a gaishe shi, ni da na sha kallon raƙuma kyauta a kasuwar Maigatari.

Cikin kogon akwai duhu-duhu da danshi, ga rugugin ruwa har cikin ƙirji. Bangon duk shaidar yanka ce zagaye-zagaye, inda 'yan ƙabilar Barbar mazauna yankin suka daɗe suna ciro duwatsun niƙa, har kogon ya ƙara faɗi. Mai yi mana jagora ya ce a tatsuniyar Girkawa nan jarumi Harkulis ya kwana kafin ya tafi ɗebo tuffa ta zinariya. Na ce a raina, duk ƙarfin ƙaton nan, da sanyin ƙashi ya tashi.

Abin da ke tara jama'a shi ne bakin kogon ta wajen teku, mai siffar taswirar Afirka. Daga ciki a juye take, sai wanda ke cikin ruwa ne ke ganinta daidai. Ni dai na miƙa yatsa da gadara ina nuna wa mutane Najeriya, ƙanina ya raɗa mini, "Yaya, Habasha kake nunawa."

Na gyara tsayuwa ke nan, na saɓa hannun riga a kafaɗa, sai igiyar ruwa ta daki dutse ta feso mini gishiri har cikin hanci. Na ja da baya, sau-ciki ya kwashe ni. Na ware hannuwa ina salati, iska ta cika rigar ta buɗe kamar laima. Allah Ya taimake ni ban kai ƙasa ba.

Sai na ji tafi.

Ashe Turawan da ke bayana sun ɗauka wasan gargajiya ne na wurin. Kafin in tsince hulata sun yi layi, wannan ya dafa kafaɗata, wancan ya miƙo mini ɗansa. Hoton da ni na zo dominsa kuwa, da yake hasken yana bayana, baƙin dunƙule kawai ya fito, babu shadda babu aiki.

Wata tsohuwa ta gama nata hoton, ta damƙa mini dirhami biyar a tafin hannu. Na buɗe baki zan yi mata bayanin ko ni wane ne, ƙanina ya riƙe ni.

"Yaya, don Allah ƙara ware hannun. Kuɗin taksinmu ya kusa cika."