A bayan gari, gidaje kan riga makarantu zuwa

Duk wanda ya taɓa bin dillali zuwa sabuwar unguwa a bayan gari ya san yadda zancen yake tafiya. Ana tsaye a ƙofar gidan da fentinsa bai gama bushewa ba, sai dillali ya miƙa hannu ya nuna wani fili da ciyawa ta cinye, ya ce nan za a gina makaranta, can kuma asibiti, titin da aka biyo ma an kusa zuba masa kwalta. Maigida ya gyaɗa kai, uwargida ta leƙa ɗakuna ta ga sun ninka na gidan haya faɗi, sai a shiga ciniki. Yaran da aka ce dominsu ake neman wuri mai yalwa suna cikin mota suna jira, kuma ba wanda ya lissafa ƙarfe nawa za su riƙa tashi da safe.

A ganina wannan lissafin ne ya kamata a fara yi, kafin a ƙirga ɗakuna, kafin ma a tambayi makarantar da ta fi suna. Iyalin da ke shirin komawa bayan gari su dubi abin da ke tsaye a ƙasa yau, su auna yinin yaro daga tashinsa zuwa kwanciyarsa. Abin da ke kan taswira kuwa a ɗauke shi a matsayin fata kawai.

Unguwanni irin waɗannan sai ƙaruwa suke yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma nan da 2050 za su kai kashi 68. Tsakiyar gari ta cika ta yi tsada, don haka dole jama'a su yi ta matsawa gefe. Sai dai gida da makaranta ba tafiyarsu ɗaya ba. Mai gina gidaje yana gamawa ya sayar ya karɓi kuɗinsa, don haka yana sauri. Makaranta kuwa sai an ware fili, an sa ta a kasafi, an gina, an samo malamai, sannan an samu malaman da za su yarda su zauna. Kafin a kai nan, 'yan makarantun da ke akwai sun cika maƙil. Yaron da aka zo da shi yana shekara shida zai iya gama firamare fili na nan yadda dillali ya nuna shi.

Ganin haka sai iyaye su ce to, a bar yara a tsohuwar makarantarsu ta cikin gari, ai akwai mota. Nan ne arhar gidan take fara tsiyayewa. An saba cewa kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu, amma wata cibiyar nazarin birane da ke Chicago a Amurka ta daɗe tana cewa a haɗa da kuɗin zirga-zirga, kada su biyun su haura kashi 45. Da wannan ma'auni, gidaje da yawa da ake ganin an tsinta a araha ba su da araha ko kaɗan: abin da aka rage a haya ya tafi a mai, gyaran mota, da motar ɗaukar 'yan makaranta.

Kuɗi ma da sauƙi a kan lokaci. A 1994 wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna cewa tun zamanin tafiya a ƙafa, mutane kan tsara zamansu ne ta yadda zirga-zirgar yini ba za ta wuce kimanin awa ɗaya ba. Babba kan jure fiye da haka don ya san abin da yake nema. Yaro fa? Likitocin barci a Amurka sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ake tasa tun duhu bai yaye ba, ya dawo gida da almuru, ga aikin gida na jiransa, daga barcinsa da wasansa ake cire kuɗin hanyar. Yana gyangyaɗi a aji, malami ya rubuta cewa ba ya mai da hankali, iyaye su ƙara masa darasin yamma. Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura.

Na san abin da za a ce: makaranta mai kyau ta cancanci wahala. Kasuwa ma haka ta ɗauka. Sandra Black, masaniyar tattalin arziki, ta kwatanta gidajen da ke gefe biyu na iyakar da ke raba makarantar da yaran kowace unguwa za su shiga a kewayen birnin Boston na Amurka, ta wallafa a 1999 cewa inda sakamakon jarrabawa ya fi da kashi 5 cikin ɗari, farashin gida kan fi da kusan kashi 2.5. Amma me ake saye? Sakamakon makaranta sau da yawa hoton gidajen da ɗalibanta suka fito ne. Tun a 1966 binciken masanin zamantakewa James Coleman, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000 a Amurka, ya gano cewa yanayin gidan da yaro ya taso ya fi gine-gine da kayan makaranta tasiri a kan karatunsa. An yi ta muhawara a kan binciken, amma wannan ɓangaren bai rushe ba. Idan kuwa haka ne, uwa da uba da suka dawo gida da sauran ƙarfi, suka zauna da yaro ya karanta musu shafi biyu, sun ba shi abin da doguwar katanga da kyakkyawan yunifom ba za su ba shi ba.

Ba ina cewa kowace makaranta ta kusa ta wadatar ba. Sabuwar unguwa kan jawo makarantun da ake buɗewa a gidan haya cikin mako biyu, suna da allo mai walƙiya a ƙofa, ciki fanko. Hanyar ganewa ita ce a je ranar karatu ba tare da an yi sanarwa ba, a ƙirga yaran da ke aji, a duba littafin wani ɗalibi a ga ko ana gyara masa, sannan a tambaya malamai nawa suka shekara uku a wurin. Amsar tambayar ƙarshen nan ta fi duk abin da ke cikin takardar talla faɗin gaskiya.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi, haya ce ta koro su, akwai masu ganin in ba a sayi fili yanzu ba gobe ya fi ƙarfinsu. Suna da hujja, domin ƙasa a unguwa mai tasowa takan yi daraja. Amma sayen fili daban, kwashe yara a tare daban. Wanda ke da hali ya saya ya ajiye, ko ya kama haya a unguwar na shekara guda tukuna, ya ga yadda hanya take zama idan an yi ruwan sama, ya kuma bi ta da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, domin dillalai ranar hutu suke kai mutum, lokacin da titi ba kowa.