Ranar da Mai Gashin Nama Ya Kore Ni a Kobe

Aiki ne ya kai ni birnin Kobe na Japan. Bayan an sauko Juma'a a tsohon masallacinsu da aka gina tun 1935, wani ƙanena ɗan Zariya da ke karatu a can ya ce zai kai ni in ci naman da zan ba jikoki labari, kuma na halal. Wai teppanyaki, wato gashin da ake yi a gabanka a kan ƙarfe. Na gyara babbar riga, na karya hula, muka kama hanya.

Ni na jawo wa kaina. Daren ranar na raba dare ina karanta tarihin samurai, mayaƙan Japan na dā. Abin da ya tsaya mini a rai: a wani zamani na dā da suke kira Edo, idan talaka ya yi wa samurai rashin kunya, doka ta ba shi damar sare shi nan take. Kuma takobi biyu suke ratayawa, dogo da gajere.

Aka zaunar da mu gaban wani faffaɗan ƙarfe mai zafi. Sai ga mai gashi ya fito, ya rusuna, ya zaro wuƙa daga kugu. Na leƙa ɗaya hannun, wani ƙarfen ne. Biyu ke nan! Sai a lokacin na tuna ban rama masa gaisuwa ba.

Na raɗa wa yaron, "Kai, anya wannan ba jikansu ba ne?"

"Haba Yaya! Tun 1876 gwamnatin Sarki Meiji ta hana su yawo da takobi. Naman shanu ma ba cimarsu ba ce, sai da sarkinsu ya ci a 1872 aka saki jiki da shi. Wannan gashin kuwa nan Kobe aka fara shi, 1945."

Hankalina ya fara kwanciya ke nan, sai wuta ta tashi bal! Ban san lokacin da na yi salati na ture kujera ba. A bakin ƙofa na tsinci kaina, riƙe da sandunan cin abinci kamar mashi. Hulata kuwa tana can kan ƙarfen, tana gasuwa tare da tafarnuwa. Bawan Allah ya ɗauko ta, ya kaɗe, ya miƙo mini da hannu biyu yana rusunawa. Wannan karon sai da na rama har sau uku.

Naman? Yanka shida, kowane bai wuce kwalin ashana ba, amma yana narkewa a baki kamar man shanu. Na nemi yaji, aka nuna mini wani koren abu, wasabi. Na lakuce shi gaba ɗaya. Hawaye, majina, har da kiran sunan Inna.

Da aka kawo lissafi na juya shi zuwa naira, sai na ga kuɗin rago. Har yau hular tana ƙanshin tafarnuwa, uwargida kuma ta ƙi yarda cewa a Japan aka yi.