"Lokaci ne ya yi" ba ta isa amsa ba a ɗakin likita

Kwanakin baya na raka kawuna wani asibiti a Tudun Wada saboda jiri da ke damunsa, sai likitan ya tambaye shi abin da ya yi ajalin mahaifinsa. "Lokaci ne ya yi, likita," in ji kawu. Likitan ya ce: "Haka ne, Baba, Allah Ya jiƙansa, amma kafin rasuwar ɓarin jikinsa ya shanye?" Sai a nan kawu ya tuna cewa tsohon ya shekara biyu a kwance, hannu da ƙafar dama ba sa motsi, kuma gwaggonsa ma da irin wannan jinyar ta cika.

Babu mai jayayya da ajali, amma likitan iyali sababi yake nema, domin da shi yake yanke shawarar gwajin da zai fara yi wa mutum tun ciwo bai bayyana ba. Wanda iyayensa suka yi fama da hawan jini ko ciwon suga ya cancanci a riƙa auna shi tun yana matashi, maimakon a jira sai ya yanke jiki ya faɗi a Kasuwar Barci. Matar da ta taɓa samun hawan jini mai haɗari a cikin da ya gabata, likita kan ɗora ta a kan asfirin kaɗan tun farkon sabon ciki, jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuwa yana buƙatar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Hawan jinin ido ma, wanda ke cinye gani sannu a hankali ba tare da zafi ba, yana bin dangi, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, kusa da mu.

Sikila ce kaɗai muka fara ɗauka da muhimmanci, tunda yanzu mutane da yawa sun san cewa idan AS (mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba ya ciwon) ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin 4 ya zo da SS, wato mai ciwon sikila. Sauran cututtukan kuwa kunya da kara sun lulluɓe su. Sanarwar rasuwa takan tsaya a "gajeriyar rashin lafiya", sankarar mama kuma akan ɓoye ta har ga 'ya'ya mata, alhali su ne suka fi buƙatar sani.

Ban wanke asibitocinmu ba. Likitan da layi ya yi masa yawa ba kasafai yake samun sukunin tonon tarihi ba, kuma duk inda majinyaci ya je sabon kati ake yanka masa, na baya ya bi ruwa. Saboda haka nake ganin nauyin ya fi karkata ga gida: a samu ɗan littafi a rubuta wanda ya yi wace jinya da shekarunsa lokacin da ta same shi, tun dattawan da suka sani suna raye. Likitan kawu dai bai sallame mu ba sai da ya sa aka yi alkawarin kawo 'ya'yansa huɗu awon jini ranar Litinin.