Watan da ke cikin waya da watan da ke sama

Duk ɗaya ga watan Miladiyya ƙanwata takan turo mini abin da taurari suka tanadar mini. Na wannan karon cewa ya yi wata zai cika a burjin Rago, ɗaya daga gidajen sama 12 da masu duba suke raba mutane a kansu bisa ranar haihuwa, saboda haka mu 'yan burjin Zaki mu riƙe aljihu da kyau, akwai tsohuwar alaƙa da za ta dawo, kuma daren cikar watan shi ne lokacin sakin abin da ya wuce. A ƙasa ta ƙara nata: "Yaya, wallahi nawa na watan jiya bai bar komai ba, duk ya faru."

Na tambaye ta yau nawa ga wata, watan sama nake nufi. Ta ce bari ta duba. A waya ta duba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan yayi na duban burji ke nan. Sunan wata ba ya fita daga bakin masu yin sa, sabon wata a kaza, cikar wata a kaza, amma da wuya ka samu wanda ya fita tsakar gida ya ɗaga kai. Hatta jadawalin da suke bi, na Janairu da Fabrairu, ba shi da haɗi da tsayuwar wata ko ɓacewarsa. Ni kuwa a ganina wata yana da daraja ta ruhi babba, kuma wannan sana'a ta shaci-faɗi rage masa ita take yi.

Ɗan Adam bai taɓa samun agogo mai sauƙin karantawa irin wata ba. Rana kullum kamanninta ɗaya, shi kuwa kowane dare da fuskar da yake fitowa da ita, kuma yana kammala zagayen daga jinjiri zuwa jinjiri cikin kwana 29 da sa'a 12 da kusan minti 44. Shi ya sa watanni suke zuwa 29 ko 30, shekarar wata kuma take tsayawa a kwana 354, ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Addinai sun ɗaura ibadunsu a wannan agogo. Musulmi da shi suke kama azumi su sauke, da shi suke tsayuwar Arfa. Idin Ƙetarewa na Yahudawa yana faɗowa 15 ga watan Nisan, daidai cikar wata. Kiristocin Yamma suna bikin Ista ranar Lahadin farko bayan cikar watan da ta zo daga 21 ga Maris. Mabiya Buda suna tunawa da haihuwarsa a daren cikar wata, 'yan Hindu kuma suna kunna fitilun Diwali a daren da babu wata ko kaɗan. A duk waɗannan, aikin wata shi ne ya ce lokaci ya yi.

Haka Alƙur'ani ya ajiye shi. Da aka tambayi Annabi (SAW) game da jirajiran wata, amsar da ta sauka a Suratul Baƙara, aya ta 189, ita ce lokuta ne ga mutane da kuma aikin Hajji. A Suratu Yunus an ce an ƙaddara masa masaukai ne domin mu san ƙidayar shekaru da lissafi. A Yasin an kwatanta ƙarshensa da tsohon karan nonon dabino, siriri, busasshe, tanƙwararre, kuma duk wanda ya taɓa ganin watan 27 da asuba ya san kwatancen ya zauna daram. Darasin da ke ciki bai ɓuya ba: abu ya fito ƙarami, ya cika har ana yi masa kirari da farin wata sha kallo, sannan ya rame ya ɓace. Mutum yana kallon rayuwarsa a taƙaice sau 12 a shekara.

Akwai addu'ar da aka ruwaito ana yi idan an ga jinjirin wata, ana roƙon aminci da imani da zaman lafiya da Musulunci. Ƙarshenta ne ya fi burge ni, inda mai addu'a yake juyawa ga watan kansa ya ce masa: Ubangijina da Ubangijinka Allah ne. Wato ni da kai duk bayi ne, kai ma umarni kake bi. Kafin wannan, a biranen Ur da Harran mutane sun daɗe suna bauta wa wata da sunan Sin. Labarin Annabi Ibrahim (AS) a Suratul An'am yana amsa wannan bauta da hujjar da yaro ma zai gane: ya ga wata ya fito, sai kuma ya ga ya faɗi. Su ma littattafan Yahudu da Nasara ba su yi shiru ba. A babi na 47 na littafin Ishaya an yi wa Babila ba'a, aka ce masu duban taurarinta, masu faɗin abin da zai faru duk sabon wata, su tashi su cece ta in za su iya. Ashe dai duban wata-wata tsohuwar haja ce, waya kawai aka saka ta a ciki.

Wani abu da ya faru a Madina a shekara ta 10 bayan Hijira ya raba gardama. Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu yana jariri, a ranar kuma aka yi husufin rana. Mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Ga uba cikin baƙin ciki, ga jama'a suna miƙo masa fassarar da za ta ƙara masa girma a idonsu, amma ya tashi ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Idan sama ba ta sauya ba don ɗan Annabi, da wace hujja za a ce ta sauya don neman aikin wani ko saɓaninsa da budurwarsa?

Kada a fahimce ni a karkace. Sanin sama ilimi ne mai daraja, kuma malamai sun daɗe da raba shi biyu. Akwai sanin tafiyar taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar yanayi, da shi matafiya suka ratsa sahara da teku, a cikinsa ne ake ƙidaya masaukan wata 28. Akwai kuma da'awar cewa taurarin suna juya rabon mutane. Na farko falaki ne, na biyu duba ne ko da an sa masa rigar lissafi. Gaskiya ne su biyun sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya: lokacin da Halifa Mansur zai aza harsashin Bagadaza a shekarar 762, masu duban taurari ne suka zaɓa masa sa'a. Amma a 838 ne Halifa Mu'utasim ya yi biris da gargaɗinsu, kamar yadda aka ruwaito, ya tafi Ammuriyya ta Rumawa ya ci garin. Ibn Sina ya rubuta raddi a kansu, Ibn Khaldun ma haka.

To bari mu ajiye addini gefe na ɗan lokaci, mu auna abin da ma'auninsa. Mutanen Babila ne, wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, suka yanka hanyar da rana take bi a sama gida 12, kowane gida digiri 30. Girkawa suka gada, Batlimus na Iskandariyya ya tsara shi a ƙarni na 2, Larabawa suka fassara, daga nan muka samu Hamal, wato Rago, da Saur da Jauza'u har zuwa Hutu, wato Kifi. Matsalar ita ce duniya tana layi a hankali kamar katantanwar yara idan ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000, wato digiri ɗaya duk shekara 72. Daga zamanin da aka tsayar da jadawalin zuwa yau gidajen sun goce daga taurarinsu da kusan digiri 24, saura kaɗan gida guda. Wanda aka haifa 25 ga Maris ana ce masa Rago, alhali rana tana gaban taurarin Kifi a wannan kwanan, ba ta isa Rago sai wajen 18 ga Afrilu. Cikar watan nan da aka yi mini gargaɗi a kanta, wadda aka ce a Rago take, da ƙanwata ta fita da taswirar sama da ta tarar da watan a wajen Kifi.

Masu duban Turai suna da amsa, kuma ya kamata a faɗe ta. Sun ce su ba da taurarin suke aiki ba, da yanayin shekara suke, Rago suna ne kawai na kwana 30 na farkon bazarar Turai. To amma masu duban Indiya da taurarin suke aiki, saboda haka mutum ɗaya Rago ne a Landan, Kifi ne a Delhi, kuma kowane ɓangare yana da masu rantsuwa cewa nasu ba ya kuskure. Sannan lokacin da ake shiga bazara a Turai, sanyi ake dosa a Ajantina da Ostareliya, amma jadawalin ɗaya ake sayar musu.

Shi kansa salon da ake karantawa yanzu, na sakin layi ɗaya ga kowane burji, ɗan jarida ne ya haife shi. A watan Agustan 1930 jaridar Sunday Express ta Ingila ta sa wani mai duba, R. H. Naylor, ya duba tauraron Gimbiya Margaret da aka haifa. Masu karatu suka so, aka mai da shi fili na mako-mako, bayan 'yan shekaru aka sauƙaƙa shi zuwa burji 12 don kowa ya samu nasa da ranar haihuwa kawai. Mutanen duniya yau sun haura biliyan 8. Ka raba 12, ka ga sama da mutum miliyan 660 ke nan da tsohuwar alaƙarsu za ta dawo tare da tawa, har da jarirai.

To me ya sa ƙanwata take ganin nata bai bar komai ba? Na gwada ta. Ita Kunama ce, sai na kwafo na Guga, na sa masa kan Kunama, na tura mata. Ba a yi minti biyar ba ta amsa: "Ka gani ko, Yaya? Kamar a gidanmu marubucin yake kwana." Da na gaya mata gaskiya sai da ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Dabarar ba tawa ba ce. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, kowa ya ɗauka bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka auna dacewarta, matsakaicin maki ya kai 4.3 cikin 5. Takarda iri ɗaya ce duka, kuma daga littafin duban taurari ya tsinto yawancin jimlolin. "Kana son mutane su so ka." "Wani lokaci kana shakkar ko ka yanke shawara daidai." Riga ce da aka ɗinka ta shiga kowa, mai sawa ne yake cika ta da jikinsa. A 1985 kuma mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba ƙwararrun masu duba taswirar haihuwar mutum da bayanin hali guda uku su zaɓi nasa. Sun dace kusan sau ɗaya cikin uku, daidai da mai canki-canka.

Hujjar da aka fi kawowa a kan wata ita ce tunda yana jan teku, jikinmu kuma ruwa ne, dole ya ja mu. Tudu da janyewar teku suna faruwa ne saboda bambancin ƙarfin jan wata tsakanin wannan gefen duniya da wancan, tazarar dubban kilomita. Tsakanin kan mutum da ƙafarsa babu bambancin da za a ce akwai. Kuma teku tana cika sosai a sabon wata kamar yadda take yi a cikarsa, don jan ba ruwansa da yawan hasken da muke gani. Hasken dai yana iya rage wa wasu barci, shi ke nan.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, mene ne abin ɗaga jijiyar wuya? Na yarda da rabin maganar. Mai karanta duban wata yana neman abu mai kyau: ya tsaya sau ɗaya a wata ya dubi rayuwarsa, ya ji cewa kwanakinsa suna da tsari, wani ya yi masa magana a kan abin da ke damunsa. Wannan ƙishirwa ce ta gaske. Inda na rabu da su shi ne abin ba ya tsayawa a dariya. Na ji wadda ta ja baya daga maganar aure don an ce Kunama da Zaki ba sa zama inuwa ɗaya. Na ji mai zagin mutane ya kare kansa da cewa haka burjinsa yake. A hankali mutum yake koyon miƙa laifinsa da shawararsa ga wani dutse da ke nesa da shi kilomita 384,400. Ga Musulmi kuma akwai hadisin nan na Sahih Muslim a kan wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, da abin da yake jawo wa sallarsa ta dare 40. Ko buɗe shafi a waya ya shiga ciki, wannan tambaya ce da ya kamata mai karantawa ya kai wa malaminsa kafin ya sake buɗewa.

Bayan mun shirya, na ce wa ƙanwata ta fita bayan magariba ranar 2 ga wata ta dubi yamma, inda rana ta faɗi. Ta kira ni tana waje. Ta ce ta ga jinjirin, siriri kamar yankan farce, amma abin da ya ba ta mamaki shi ne tana ganin sauran jikin watan dishi-dishi a cikin duhun. Na ce mata hasken duniyarmu ne, rana ta haska mu, mu kuma muka mayar masa. Ta yi shiru, sannan ta ce shekararta 24 ba ta taɓa lura ba. Ɗaya ga watan da ya biyo baya saƙon burjin ya sake shigowa kamar kullum, sai dai a ƙasansa ta rubuta: "Yau 9 ga wata, Yaya. Ban duba waya ba."